Ranar da Na Riƙe Maman Rifkatu a Waya

Ku da kuke zuwa shagona koyon aiki, kada ku ɗauka ba na ganin hammar da kuke yi idan na fara bayanin haɗa edita da saba. Shekaranjiya ɗayanku ya kasa haƙuri ya ce, "Haba Baba Idi, wannan ai kilik ɗaya ne, me ya kai shi lakca?" Ban ji haushi ba, don gaskiya ya faɗa. Ka buɗe edita, wato manhajar da muke rubuta kod a cikinta, ka danna sunan saba, ka ɗan jira, sai ga fayiloli sun jeru a gefen hagu tamkar a laftof ɗinka suke. Alhali ba a ciki suke ba. Suna cikin wata kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, a wani ɗaki da wataƙila har ka mutu ba za ka taka ƙofarsa ba. Ita ce saba. Ni har yau, da furfurata, duk lokacin da fayilolin nan suka bayyana sai na ji tsigar jikina ta ɗan tashi, ku kuwa kuna gefe kuna ɓarar gyaɗa.

Aikin farko da aka aike ni, da ƙafata na kai shi. Lokacin ina koyo a wajen Oga Felix, wani mutumin kudu mai kafen intanet a bayan kasuwa, wanda ya rubuta wa wata makaranta a Abuja manhajar fitar da sakamakon jarrabawa. Duk gyaran da ya yi sai ya zuba mini a filash, in rataya a wuya in tura cikin riga, in shiga motar sassafe tare da ma'aikata, mu sha cunkoson Madalla da Zuba. In na isa, in jira mai makullin ɗakin kwamfuta ya gama shan shayinsa, in zuba, in gwada, in juyo. Wata rana na dawo jiki duk ya mutu, Oga Felix ya ɗago kai ya ce, "Idi, sorry o, akwai layi ɗaya na manta. Gobe za ka koma." Haka na sake cinye yini guda a hanya saboda layi ɗaya.

Daga baya muka koyi tura fayil ta intanet, muka ga kamar mun tsinci duniya. Ka sauko da fayil, ka gyara, ka mayar. Matsalarsa ɗaya, sabis ba ya sallama kafin ya yanke. Sai rabin fayil ya isa rabi ya maƙale, shafin mutane ya koma fari fat, wayarka ta fara ruri tun kafin ka gane abin da ya faru.

Ranar da na fara shiga saba da kaina kuwa, baƙin allo ne kawai da wani ɗan ɗigo yana ƙiftawa. Oga Felix ya ja kujera ya ce in tambaye ta sunanta. Na rubuta, ta amsa da wani suna da ba na kwamfutarmu ba. Ya ce in tambaye ta ƙarfe nawa. Na rubuta, ta ba ni wani lokaci daban. Mu a nan ana kiran la'asar, ita a wurinta gari bai daɗe da wayewa ba, don a ƙetaren teku take. Na ɗauke hannuna daga kan madannai. Yatsana yana Suleja, kusa da masu suyar doya, kuma wani ƙarfe a ƙasar da ban san launin kuɗinta ba yana jiran abin da zan ce. Oga Felix ya yi dariya har da buga tebur, ya ce, "E don catch am." Gaskiya ne, ya kama ni, kuma bai sake ni ba har yanzu.

Wannan hanyar shiga ita ake kira SSH, kuma ita ce dai ke ƙarƙashin kilik ɗin naku. Kayan aikinta ba su da yawa. Akwai makulli mai gida biyu, ɗaya yana zaune a laftof ɗinka ba ka nuna wa ko wanda kuka fito ciki ɗaya, ɗayan kuma a ajiye shi a saba domin ta gane ka. Akwai wani ɗan fayil inda ake rubuta adireshin sabar da sunanka da lambar ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, domin kowace saba tana da ƙofofi birjik, kowace da lambarta. Sauran kayan aikin kuwa na Suleja ne: wayar da za ta ba ka sabis, ƙarfen tagar da za ka rataye ta, da sanin lungun ɗakin da sabis ya fi so. Da edita ta zo ta iya yin duk wannan da kanta, sai tsohuwar laftof mai tari ta zama isasshiya, don nauyin aikin yana can wajen sabar. Sai dai ta ɓoye muku fayil ɗin nan da lambobin nan, kuna shiga kuna fita ba ku taɓa ganinsu ba.

Kwastomomi ma ba sa ganin komai, shi ya sa wasunsu ba sa yarda an yi aiki. Akwai wani Alhaji mai kamfanin siminti da ya ce shi ba ya son aikin aljanu, sai na zo ofishinsa na zauna ya gan ni. In tafi, a ba ni kujera da lemo, in buɗe laftof in shiga sabar da ko a ƙasar nan ba ta. Ya riƙa leƙowa yana gyaɗa kai yana cewa, "Yauwa, haka ake aiki." Ban taɓa ɓata masa rai da bayani ba.

Doka ɗaya Oga Felix ya dasa mini, ni ma ita nake dasa wa duk wanda ya zauna a gabana. Idan za ka taɓa wani abu da ya shafi ƙofar shiga saba, kada ka rufe tagar editar da kake ciki. Bar ta a buɗe, ka buɗe ta biyu ka gwada shiga daga waje. In ta biyun ta shiga, to ka gama. In ta ƙi, ka kulle kanka ke nan, kuma tagar farkon nan ita kaɗai ta rage maka a duniya. Dalili kuwa, saba ba ta korar wanda ya riga ya shiga, sabon zuwa kawai take hanawa.

Shekarar korona ce shekarar da ta fi ba mu wuya. Makarantu a rufe, otal-otal a rufe, kwastomomi suka ɗauke ɗif. Aiki guda ya rage mana mai rai, na wani ɗakin gwajin jini mai zaman kansa a Abuja. Ƙananan asibitoci a nan Suleja da Tafa har zuwa Lambata suna aika masa samfur, sakamako kuma ya fito musu a wani shafi. Komai yana cikin saba guda. Ba a ɗakin gwajin take ba, tana wani ƙaramin ofis a saman wata filaza da aka garƙame a Abuja, sola ke riƙe da ita, mai makullin ofishin kuma ya je ganin gida Binuwai aka rufe iyakokin jihohi yana can. Wato in aka kulle kai a waje, babu mai zuwa ya danna komai sai ranar da aka buɗe hanya, kuma babu wanda ya san ranar.

Rifkatu ce ke riƙe da aikin. 'Yar Kudancin Kaduna ce, tana haya a unguwar Wambai, kuma cikin duk waɗanda na koya wa aiki ban ga mai natsuwarta ba. Mai ɗakin gwajin da farko ya ƙi, ya ce shi ba zai ba sabon hannu sabarsa ba. Ni na tsaya mata. Sana'ar nan tamu tsakanin Suleja da Abuja kowa ya san kowa, wanda aka ce ya taɓa kulle asibitoci a waje ya gama samun aiki, sai dai ya koma sayar da kati.

A makon muka lura wasu baƙi daga ko'ina a duniya suna ta ƙwanƙwasa ƙofar sabar suna gwada faswod. Na ce mata ta ɗaga katanga, abin da kuke kira fayawol, ta toshe duk ƙofofi ta bar biyu kawai, tamu da ta asibitoci. Ina zaune a gida da hantsi, ga azumi ga zafi, sai ga saƙonta: "Oga, ta biyu ta ƙi shiga. Ta farko tana nan. Babu wuta, batir ya kusa." Hannuna har ya kai kan kira na janye shi, domin da wayarta take ba laftof sabis, kuma irin wayoyin nan da kira ya shigo sai su saki intanet su kama kiran. Kira ɗaya ya isa ya tsinke tagar. Na rubuta mata kada ta taɓa komai, kada ta motsa komai, ina tafe.

Babu acaba, babu keke, da ƙafa na nufi Wambai ta lunguna. A hanya mai ɗakin gwajin ya kira ni yana faɗa, wai shafi ya ɗauke, wata nas a Lambata tana da mai ciki a kwance suna jiran sakamakon jininta. Ya ce bari ya kira yarinyar nan ya ji abin da ta yi. Na ce, "Yallaɓai, don girman Allah kada ka kira ta. In ka kira ta, kai da kanka ka rufe shafin nan sai bayan korona." Ya ce ya ji.

A bakin gidan na tarar da mai gidan hayar, Mama Nkechi, ta ɗaure ɗankwali a ƙugu tana tsare da tsakar gida. Ta ce, "Malam, abeg wetin dey happen? Yarinya nan ta ce ko tari kada mutum ya yi kusa da taga." Na leƙa. Wayar tana rataye a ƙarfen taga, ɗan guntun kebul ya haɗa ta da laftof a kan tebur, Rifkatu na zaune ta rage hasken allon har da ƙyar ake gani, hannayenta biyu a cinya. Ban shiga ba. Ɗakin 'ya mace ne, ga kuma dokar ba da tazara, don haka daga wajen tagar na tsaya.

Wuta muka fara nema, don batirin tsohuwar laftof maƙaryaci ne, zai ce da saura sai kawai ya mutu. Janaretan gidan babu mai. Mai kemis da ke gida biyu gaba shi kaɗai injinsa ke aiki. Mama Nkechi ta bi ɗaki-ɗaki tana ƙwace wa 'yan haya istenshan ɗinsu na jona wuta, wani na firij, wani na talabijin, aka yi ta jona wannan da wancan, aka haura da shi katanga, aka ratsa tsakar gidan maƙwabta, aka ɗora bulo a kan kowace mahaɗa. Babu wanda ya fahimci abin da ake ceto a cikinsu, amma har wata tsohuwa ta ɗauke turminta don waya ta wuce. Da aka jona caja, ɗan koren haske ya kama, Mama Nkechi ta ɗaga hannu sama ta ce, "Thank you Jesus," ni kuma na ce alhamdulillahi.

Sai na ce ta karanto mini abin da ta rubuta. Ba ta yi ganganci ba, ta bar ƙofofi biyu kamar yadda na ce, a lambobin da duk duniya ta sani. Abin da ba ta sani ba, wanda ya kafa wannan sabar tun farko ya mayar da ƙofofinta wasu lambobi daban, kuma lambar tamu tana kwance a ɗan fayil ɗin nan da edita ke karantawa ita kaɗai. Wata da watanni tana shiga da kilik ɗaya, ba ta taɓa ganin ta ba. Ta buɗe ƙofofin da ba kowa a bayansu, ta toshe na gaskiya. Gyaran layi biyu ne, amma dole a ƙara su ba tare da an girgiza katangar gaba ɗaya ba, ga sabis ya yi laushi har ka danna harafi ka gama salati bai fito a allo ba.

Ta ɗora yatsu ke nan sai ta ɗago a firgice ta ce, "Oga, Mamana! Kullum in ta dawo daga gona da rana sai ta kira ni. Yanzu za ta kira."

Na miƙa mata wayata ta ƙarfen taga na ce ta riga ta, ta ce mata ta dakata. Ta girgiza kai, idonta ya ciko. "In ta ji muryata a haka, kuma a lambar wani, wallahi ba za ta daina kiran tawa ba sai ta tako Suleja da ƙafa."

Na ce to ba ni lambar. Na ciro biro na rubuta lambobin ƙofofin biyu, da ni na sani da ka, a tafin hannuna, na manna shi a ƙarfen taga inda za ta gani, da ɗaya hannun kuma na kira wata mata da ban taɓa gani ba a wani ƙauye da ban taɓa zuwa ba.

"Salamu alaikum, Maman Rifkatu ce? Idi ne, wanda take aiki a wajensa."

"A'a, Malam! Lafiya dai ko? Me ya same ta?"

"Lafiya lau, Mama, tana kan aiki ne. Na ce yau dai bari in gaishe ki, tun da ta zo ban taɓa kira ba, abin kunya. Ya gona?"

Nan na kama ta. Ashe citta take nomawa. Na tambaye ta yadda ake shuka ta, ni da ban san citta ba sai a shayi. Ta ce a farfasa ta ƙanana, kowane da idonsa, a binne, a rufe kunyar gonar da ganye don kada rana ta dafa ta. Na ce wane irin ganye? Ta lissafo. Na ce in ruwa ya yi jinkiri fa? Ta ce ai nan ne ake gane mai haƙuri. Duk lokacin da na ji tana shirin cewa to bari ta kira 'yarta, sai in jefo wata tambayar, taki, ɓera, awakin maƙwabta, ciwon gwiwarta. Hannuna yana manne a taga, idona kuma yana kan allon nan inda haruffa ke fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar ɗigon famfon da ruwansa ya kusa ɗaukewa.

A tsaye a wurin nan abin ya sake kama ni kamar ranar farko. Wuta ta taso daga injin mai kemis ta ratsa gidaje, magana ta fita ta wayar da ke lilo a ƙarfen taga, ta bi iska ta shiga wani ɗaki a kulle a Abuja da babu ko ƙadangare a ciki, kuma abin da zai faru da wata mata a kan gado a Lambata yana rataye da wannan. Na ji tsoro, na kuma ji girman abin da Allah ya sanar da ɗan Adam.

Rifkatu ta duba tafina, ta duba allo, ta sake dubawa, sannan ta danna. Aka jira. Sabar ta karɓa. Ta yi layi na biyu, shi ma ta karɓa. Sai ta buɗe taga ta biyu ta danna sunan sabar, 'yar da'irar nan ta jira ta fara juyawa. Maman tana ba ni labarin shekarar da cittarta ta ruɓe a ƙasa, ina cewa "ayya, ayya," ban san ma me nake cewa ba. Da'irar ta tsaya. Fayiloli suka zubo a gefen hagu. Ta buɗe shafin asibitoci, shi ma ya fito da sunayensa. Ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta suna motsi.

A daidai nan katina ya ƙare, wayar ta yanke Maman a tsakiyar magana. Ko sauke ta daga kunne ban yi ba, wayar da ke rataye a taga ta ɗauki ruri. Ina kallo tagogin editar biyu suka daskare, sannan suka mutu tare. Da kiran nan ya riga haka da ɗan kaɗan, da labarin da nake ba ku daban ne. Yanzu kuwa ƙofa a buɗe take, duk sanda aka ga dama a koma.

Rifkatu ta share fuska da gefen zane, ta ciro wayar daga ƙarfe, ta sa ta a sifika.

"Rifkatu, wannan Malam naki mutumin kirki ne, amma ya ruɗa ni. Na ce ina kike, ya ce kina gyara abu a Abuja. Na ce ba an hana tafiya ba? Ke, ina kike?"

Ta dubi allon, ta dube ni, ta ja dogon numfashi.

"Yanzun nan na dawo, Mama."

"To, sannu da hanya. Ki nemi ruwa ki sha tukuna."